Tasalla 'Yar Gida Biyu

Shekara ta biyu ke nan damina tana yaudarar mutanen Tsamaye. Ruwa ya sauko da wuri, kowa ya fita da sungumi yana murna, aka zuba iri, sai sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Kafin watan girbi rumbuna sun zama wurin ɓuyan kaji, su ma kajin ba su daɗe ba. Mata suka koma jiƙa 'ya'yan anza suna ta sauya ruwa don ɗacin ya fita, mazan da ke da sauran ƙarfi kuwa suka yi kudu cin rani tun lokacinsa bai yi ba.

A wannan shekarar ne wata ƙungiyar agaji ta buɗe ofis a Sabon Birni. Tana raba wa gidaje hatsi, yara masu tamowa kuma ana ba su wani kwaɓin gyaɗa a cikin 'yar leda, wanda mutane suka raɗa wa gyaɗar asibiti. Yaron da cikinsa ya daina riƙe tuwo da kunu, wannan kwaɓin ne kaɗai ke zama masa. Ba a ba kowa sai mai kati, kati kuma ba ya fita sai sunan mutum ya shiga manhajar ƙungiyar.

Wanda ya rubuta manhajar ɗan Tsamaye ne, Kalilu. Ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, mutanen garinsu sun daɗe suna tambayar juna abin da wannan karatu ke haifarwa, tunda ba likita ba ne, ba alƙali ba, ba ma malamin makaranta ba. Yanzu sun sami amsa, shi ma ya sami bakin magana. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Yana dai da ɗabi'ar nan ta wanda aka daɗe ana raina wa sana'a: in ya fara yi maka bayani, sai ka ƙoshi ya ƙara maka.

Aikin manhajar ba wuya. Ma'aikaciya za ta buɗe shafi a wayarta, ta shiga gida gida tana shigar da mutane, suna da hoto da awon hannun yara. Duk abin da ta shigar tun daga buɗewa har rufewa, masu sana'ar suna kiransa zama ɗaya. Ciwon kan shi ne sabis. A ƙasar Gobir sabis baƙo ne, ya leƙo ya gaishe ka ya wuce, wani lokaci ma sai an hau tudu an kamo na Nijar. Don haka Kalilu ya tsara cewa da zarar sabis ya ɗauke, manhajar ta tattara duk abin da ke cikin zaman, gidaje da mutanen cikinsu, ta mayar da su dogon rubutu guda ta ajiye. In sabis ya dawo sai ta tura rubutun can babbar kwamfutar ƙungiya, a warware shi, a sake gina kowane gida yadda yake. Shi yana kiran abin ɗauri da kwancewa, irin na fataken Burkusuma da ke ɗaure kaya a babur su kwance a kasuwar Nijar.

Amma abin da ya fi alfahari da shi daban ne. Manhajojin da ake kawowa daga birni sun ɗauka kowane yaro gida ɗaya gare shi. Kalilu ya san riƙo. Ya san a garinsu ana yaye yaro a miƙa wa gwaggo ko kaka, ya tashi a can, amma har abada ɗan iyayensa ne. Sai ya yi dabara: yaro ɗaya, gida biyu su nuna shi, ba tare da an rubuta shi sau biyu ba. Ya yi wa shugaban ofis, Malam Sodangi, bayanin wannan dabara har mutumin ya fara duban ƙofa.

Ba a littafi ya koyi riƙo ba, a gidansu ya gani. Yayarsu Hajjo ta yi aure shekara da shekaru Allah bai ba ta haihuwa ba, har mijin ya rasu. Da wansa Lawwali ya sami 'yar fari, ranar da aka yaye ta ya ɗauke ta da 'yan tsummokaranta ya kai wa Hajjo, bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Yarinyar ita ce Tasalla. Katanga ɗaya ta raba gidajen biyu, amma a bayan Hajjo ta girma, a ɗakinta take kwana, ita take kira Inna.

Ranar da aka je shigar da mutanen Tsamaye, Kalilu ya bi ma'aikaciyar, Saude, wai don ya ga aikinsa da idonsa, kuma don a gan shi. Suka fara da gidan Hajjo. Ya daɗe bai zo gida ba, ganin Tasalla ya sa murnarsa ta koma ciki. Shekararta uku da wani abu, amma tana zaune jikin turmi ba ta ko korar ƙuda. Saude ta naɗa mata zaren awo a damtse, zaren ya wuce kore, ya wuce rawaya, ya tsaya a ja.

"Ja mi ka nuhi?" in ji Hajjo.

"Yana nuhin ita za a hwara ba," in ji Kalilu. "Ki kwantar da hankalinki, Adda. Kati na hitowa za ta samu gyaɗar asibiti, ki ga yadda za ta murmure."

"Abin ga naka shi ka ba da abinci, ko kai?"

"Ni nig gina shi, ai duk ɗaya na."

Aka yi ta fama kafin a sami hoton yarinyar, don ta ƙi ɗaga kai. Sai da Hajjo ta ɗaga ludayi sama tana kaɗawa, ta bi shi da ido, har ta ɗan buɗe baki kamar za ta yi dariya, Saude ta ɗauka.

Suka zagaya gidan Lawwali. Da aka tambaye shi 'ya'yansa, ya ambaci ƙananan biyu da sunayensu, sannan ya kau da kai ya ce, "Sai waccan ta wurin Adda." Mutumin kirki ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya nuna shi a bainar jama'a ya ce nawa ne. Kalilu ya karɓi wayar daga hannun Saude, ya haɗa Tasalla da gida na biyu da kansa, yana jin daɗin yadda abin ya zauna daidai. Suna fitowa zaure sabis ya ɗauke. Bai damu ba, ai don irin wannan ya yi ɗaurin.

Ranar rabo Hajjo ta goyo Tasalla ta bi layi tun safe. Da aka kai kanta aka ɗora katin a na'ura, na'urar ta ƙi. Aka goge shi da gefen riga aka sake, ta ƙi. Katin gidan Lawwali ma haka. Aka ce su koma gefe, layi ya ci gaba.

Saude ce ta kira Kalilu. Ya buɗe kwamfuta ya duba. Tasalla biyu ya gani. Suna ɗaya, hoto ɗaya, damtse ɗaya, ɗaya a gidan Hajjo, ɗaya a gidan Lawwali. Bai daɗe yana bincike ba ya gane. A cikin zaman, yarinya ɗaya ce gida biyu ke nunawa, kamar yadda ya tsara. Amma wajen ɗauri, manhajar ta ɗauki gidan Hajjo ta rubuta shi da duk abin da ke ciki, har da Tasalla, ta ɗauki gidan Lawwali ta yi masa haka. Ba ta rubuta ko'ina cewa wannan ita ce waccan ba. Da aka kwance a can, kowane gida ya fito da tasa. Ya gwada dabarar riƙo sau ba adadi a ofis, inda sabis ba ya yankewa. Ya gwada ɗauri da kwancewa shi ma. Bai taɓa gwada su tare ba.

Babbar kwamfutar kuwa an koya mata abu ɗaya game da yaro biyu masu fuska ɗaya: wani na son cin rabo biyu. Ta rufe gidajen duka har sai an yi bincike.

Gyaran bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Ya sa kowane mutum ya sami lamba tasa a cikin ɗaurin, in an sake cin karo da shi a rubuta lambar kawai. Ya gwada, ya kashe sabis da gangan, ya kunna, yaro ɗaya ya shiga, yaro ɗaya ya fito. Abin takaici, gyaran na gaba ne. Wanda aka riga aka kwance a karkace yana nan a karkace, makullin kuma ba a hannunsa yake ba.

"Rufewar daga babban ofis ta," in ji Malam Sodangi, da tausayi a fuskarsa. "Ko ni ban iya buɗe ta. Da can sai su turo mutum shi gani da idonai, amma ka san hanya ba lahiya, ba mai zuwa. Waya za su bugo. Gida guda shi amsa yarinyar, gudan shi sake ta, shi ke nan a buɗe."

Kalilu ya hau babur ya tafi Tsamaye. Ya tara yayarsa da wansa a zauren Lawwali, ya yi musu bayanin ɗauri da kwancewa, da lamba, da babbar kwamfuta. Suka saurare shi da ladabin da ake sauraron wa'azi da Larabci. Sannan ya zo kan maganar da ta kawo shi.

"Za a bugo waya," ya ce. "Gida guda ɗai za a bar ta. Dole guda shi ce ba tashi ba ta."

Ba wanda ya ɗaga kai. Abin da ya kamata ya faɗa a fili yake: Adda, ke ki ce taki ce, Yaya, kai ka ce ka saki. Amma ya dubi Hajjo, matar da ta yi shekaru tana jin habaicin mata a bakin rijiya, ya ga in ya ce ita ta amsa, ya tuna mata ke nan cewa sai an ba ta izini. Ya dubi Lawwali, ya ga ƙane ba ya gaya wa wansa ya yafe 'yarsa. Mutumin da ke iya magana rabin yini a kan kwamfuta ya rasa jimla biyu.

"Ku dai daidaita tsakaninku," ya ce, ya miƙe, don ba a bin hanyar in rana ta yi sanyi.

Ba su daidaita ba. Wa zai fara? Tun ranar da aka kai yarinyar ba su taɓa maganar ba, ba kuwa yunwa ce za ta sa su fara ba. Kowa ya koma ɗakinsa ya yanke shawararsa shi kaɗai, kuma kowa don ɗan'uwansa ya yanke.

Saude ta kai su kan tudun da ake samun sabis, ɗaya bayan ɗaya. Ana naɗar irin wannan kira, don haka daga baya Kalilu ya saurara a ofis. Muryar wata mata ce mai Hausar Kano, a gajiye, da alama ta yi irin kiran nan da yawa tun safe.

"Malam Lawwali, Tasalla 'yarka ce? A gidanka take?"

"A'a. Ta Hajjo ta. Can take."

"To, ba ta cikin gidanka ke nan?"

"Ba ta ciki."

Kalilu ya sauke ajiyar zuciya. Daidai. Ya buɗe na biyu.

"Baba Hajjo, ke kika haifi Tasalla?"

Shiru ya yi tsawo har matar ta ce, "Kina ji na?" Ana jin iska tana bugun wayar.

"Ina jin ki, ɗiyata. Ban haihe ta ba."

"To 'yar wa ce?"

"Ɗiyar Lawwali ta. Ku rubuta ta wurin uwayenta, su ad da hakki. Ni dai ku ba ta abin ga ta ci. Ko ina kunka sa ta, ku ba ta."

Matar ta yi godiya ta kashe. Ba ta yi ƙarya ba a abin da ta shigar: gida na farko ya ce ba tasa ba ce, gida na biyu ma ya ce ba tasa ba ce. Babbar kwamfuta ta yi lissafinta. Yarinyar da ba wanda ya amsa, babu ita, ƙirƙirar ta aka yi. Ta goge Tasalla ta gidan Hajjo, ta goge Tasalla ta gidan Lawwali, ta sa wa hoton alamar ƙarya. Sannan, tunda an kawar da abin zargi, ta buɗe gidajen biyu.

Haka hatsi ya shigo. Hajjo ta sami dawa, Lawwali ya sami dawa, maƙwabta suka zo barka. Hajjo ta surfa ta niƙa ta dama kunu mai laushi, ta ɗora Tasalla a cinya tana ba ta da kaɗan kaɗan. Abin da ya shiga ta sama, kafin a wanke ludayi ya fita ta ƙasa.

Kalilu ya gwada duk ƙofar da ya sani. Ya sake shigar da ita a matsayin sabuwar yarinya, na'ura ta gane fuskar ta ƙi. Ya sa ta a ƙarƙashin sunansa, ta ƙi. Ya je wajen ma'aikaciyar jinyar ƙungiyar ya roƙi gyaɗar asibiti, ta nuna masa kwalayen, kowace leda sai an ɗora kati take fita, in ta ɓace wani yaron ne zai rasa. Duk da haka ta zaro masa 'yan kaɗan daga na yaran da aka sallama, ta ce kada ya sake zuwa. Tasalla ta shanye su cikin 'yan kwanaki, har ta fara zama da kanta, har Hajjo ta aiko a gaya masa yarinyar ta nemi a ba ta ludayi ta yi wasa. Da suka ƙare ta koma inda take, har ta fi da lalacewa.

Abu ɗaya ya rage masa. Ɗaurin asali, dogon rubutun da wayar Saude ta ajiye ranar da sabis ya ɗauke, yana nan bai goge ba. Ya ciro shi, ya bi shi layi layi, ya nuna inda yarinya ɗaya ta zama biyu, ya rubuta cewa kuskuren nasa ne ba na mutanen ba. Ya roƙi a sake kwance shi da gyararriyar manhaja. Malam Sodangi ya sa hannu, aka tura. Amsa ta zo cewa an karɓa, yana kan layi. A shekarar yunwa komai layi ne.

Kullum da safe shi ne farkon zuwa ofis. Ya buɗe, ba komai. Ya daina yi wa kowa bayanin komai, har Malam Sodangi ya fara kewar surutunsa. In ya je Tsamaye Hajjo ba ta tambayarsa, wannan kuwa ya fi masa ciwo. Sau ɗaya kawai, tana shafa wa yarinyar mai a ƙafafun da suka kumbura, ta ce ba tare da ta dube shi ba:

"Da na ce tawa ta, da sun ba ta?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bai iya ba. Ta gane.

Da gashin Tasalla ya yi ja ya fara zuba, fatar ƙafa ta fara tsagewa, suka ɗauko ta a babur, Hajjo a baya ta rungume ta, zuwa asibitin Sabon Birni. A nan ba wanda ya tambayi kati. Katin dama don kada a kai ga gado ake bayar da shi, wanda ya kai ga gado an san da gaske yake. Aka sa mata ruwa, aka zura mata siririn tiyo ta hanci. Likitan ya tambayi me ya sa aka daɗe. Ta yi kwanaki kaɗan, ranar wata Laraba da hantsi ta cika a hannun Hajjo.

A Tsamaye aka binne ta. Ƙasa ta yi tauri har sai da aka sauya masu haƙa. Lawwali ya tsaya yana karɓar gaisuwa da fuskar da ba a karanta komai a cikinta, yana ce wa mutane su shiga su yi wa Hajjo, ita aka yi wa rashi. Hajjo kuwa duk wadda ta shigo sai ta ce ta leƙa wajen Rahmatu matar Lawwali, ita ce uwa. Masu ta'aziyya suka yi ta zagaya katangar nan, daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Bayan an yi sadakar bakwai Kalilu ya koma aiki, don sauran garuruwa na jira, Bafarawa ma ba a gama ba. Yana zaune da safe saƙo ya shigo daga babban ofis. An duba ƙorafinsa, an gamsu, an sake kwance ɗaurin. Suna ba da haƙuri kan jinkiri, suna yaba masa da ya gano matsalar.

Ya buɗe. Ga ta nan, ita ɗaya, gida biyu suna nuna ta, daidai yadda ya tsara tun farko. Komai ya dawo yadda aka ɗaure shi ranar nan: damtse a ja, kai a ɗage, ido yana bin wani abu a sama, baki a ɗan buɗe. A ƙasa an rubuta cewa katinta ya buɗe, tana cikin waɗanda za a fara ba, ta zo ranar rabo mai zuwa.

Ya daɗe yana kallo. Saude ta shigo da wayoyin aiki, ta tsaya a bayansa, ta gani.

"In ba a rufe ba za a ware mata kwali," ta ce a hankali. "Akwai yara bisa layi, Kalilu."

Ya sani. Shi ya rubuta wurin da ake rufewa, da jerin dalilan: ta warke, ta ƙaura, ta rasu. Ya zaɓi na ukun. Ya danna sau ɗaya, ta fita daga gidan Hajjo da gidan Lawwali a tare, ba kuskure ko ɗaya.